Gwamna yace ku nemi bindiga, kwamishina yace babu lasisi

A ƙarshen watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta fitar da wata sanarwa da har yau in na tuna ta sai in rasa dariya zan yi ko takaici. Bello Matawalle ne gwamna a lokacin, aka ce tunda 'yan bindiga sun hana mutane noma sun hana su barci, to duk wanda ya cancanta ya je ya nemi bindiga ya kare kansa, an umarci kwamishinan 'yan sanda ya bada lasisi, har da cewa za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar. Ka lissafa, fom 9,500 kenan. Mutane suka hau murna a Facebook, wasu har sun fara tambayar nawa ake saida mai baki biyu. Ba a je ko'ina ba kwamishinan 'yan sandan jihar ya fito yace takunkumin da aka sa kan bada lasisi yana nan ba a ɗage ba, sannan Janar Lucky Irabor, babban hafsan tsaro na lokacin, ya ɗora da cewa gwamna ba shi da hurumin ba kwamishina irin wannan umarnin. Shikenan magana ta bi ruwa.

Kuma ba Matawalle ne ya fara ba. Aminu Bello Masari ya faɗa a Katsina tun 2021, ba sau ɗaya ba, cewa mutane su nemi makami su daina miƙa wuya. Kafin shi T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a 2018. Samuel Ortom na Binuwai shi kam lasisin AK-47 ya nema wa dakarun sa-kai na jiharsa a 2022, bai samu ba. Manya suna ta faɗa a lasifika, amma babu wanda zai bi ka caji ofis ranar da aka kama ka da bindiga ya ce ai ni na ce ya saya. A kotu kuma alƙali ba zai tambaye ka me gwamna yace a rediyo ba, takarda zai tambaya, domin a kundin tsarin mulki maganar makamai da harsashi tana cikin abubuwan da gwamnatin tarayya ce kaɗai ke da ikon yi musu doka.

Dokar da ake aiki da ita ta 1959 ce, wato tun Bature bai tafi ba, an dai yi mata 'yan gyare-gyare. Ta kasa bindigogi gida uku. Na farko waɗanda aka haramta, irinsu bindigogin yaƙi da mai jigida da fistol da makamantansu, waɗannan sai shugaban ƙasa ne zai ba ka izini, kaga kenan ni da kai mu manta kawai. Na biyu bindigogin amfanin kai, irin ta harbin tsuntsaye mai baki ɗaya ko mai baki biyu da raifil ta farauta da bindigar iska, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Na uku su ne namu na gargajiya, harba-ka-ruga da 'yan uwanta da ake ɗura wa albarushi ta baki, su lamarinsu a matakin jiha yake, kwamishinan 'yan sanda da amincewar gwamna. Sharuɗɗan ma ba wasu masu wuya bane a rubuce: kar ka gaza shekara 17, ka zama mai hankali, idonka lafiya, ba mashayi ko mai saurin hannu ba, kuma ba a same ka da laifin tashin hankali ba a shekaru biyar da suka wuce. In an kama ka da wadda aka haramta ba izini shekara 10 ce mafi ƙaranci. A takarda abin tsaf yake wallahi. Matsalar ita ce tagar da za ka je ka miƙa fom ɗin a rufe take, kuma a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin Kayode Egbetokun ya sake nanatawa da bakinsa cewa sun dakatar da bada lasisi, sai sun tattara makaman da ke hannun jama'a tukuna.

Ina da kawu maharbi, irin tsofaffin nan da suka gaji abin tun daga kakanni, da layu da warki da kare da komai. Bindigarsa harba-ka-ruga ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana ɗura ta ya san ba makamin faɗa da kowa bace. Zai tsayar da ita a ƙasa baki sama, ya auna albarushi a tafin hannu ya zuba, ya tura tsumma, ya ɗauko siririn ƙarfen nan ya dinga dannawa yana dakawa, sannan ya zuba 'ya'yan boris ko guntayen ƙarfe ya sake toshewa da tsumma ya sake dakawa, duk wannan fa don harbi ɗaya, in albarushin ya sha raɓa ma ka ja kunama ta yi maka shiru. Kafin ya gama ɗuri na biyu mai kalashin ya juye kwanso guda ya sa wani. Yana da lasisinta, wani tsohon ɗan littafi da ya naɗe a leda biyu ya sa a aljihun ciki, duk shafukan sun sha hatimi. Wata rana suna dawowa daga daji a bayan a-kori-kura aka tsayar da su a wani shinge, jami'in ya leƙa ya ga bakin bindiga a cikin buhu, nan take ya ja da baya ya gyara tasa yana kiran 'yan uwansa. Kawu ya sauko a hankali ya kwance ledarsa ya miƙa.

Jami'in yace masa, “Baba ai wannan takardar ta mutu, an soke su duka.”

Kawu yace, “Ɗana yaushe aka soke? Ni ba wanda ya aiko min, kuma ga hatiminku nan.”

“Daga sama ne Baba, oda ce.”

“To ranka ya daɗe in za ku riƙe ta ku ba ni takardar shaida cewa tana hannunku.”

Sai suka bushe da dariya, wai Baba ya san doka. Ba a ba shi ko ƙyallen takarda ba, aka ce ya biyo su ofis, aka yi ta je-ka-ka-dawo har sai da Sarkin Baka ya sa baki da wani dattijo da ake jin maganarsa, aka kashe abin da ya kusa kuɗin sabuwar bindiga a zirga-zirga da na goro, sannan ta fito, ƙotar a tsage, bakin duk tsatsa saboda inda aka jefar da ita. Tun daga nan bai ƙara zuwa sabunta lasisin ba, yace wanda bai taɓa rubuta sunansa ba ma ya fi shi kwanciyar hankali, tunda shi ba a san da shi ba.

Wannan maganar tasa ita ce ke damuna. Duk lokacin da aka ce za a tattara makamai, wa ake fara samu? Wanda sunansa da adireshinsa da lambar bindigarsa ke cikin rajista. Ɗan ta'addan da ke dajin Rugu ko Sububu bai taɓa cike fom ba balle a aika masa wasiƙa. A farkon 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya bada wa'adin kwana 21 kowa ya miƙa haramtattun makamai, aka sa har da bindigar nan da ake ce wa fam-akshin, wadda ake ja ta baya ta ɗora harsashi da kanta. A doka kam suna da gaskiya, domin dokar 1959 ta cire duk bindigar tsuntsaye mai na'urar sake ɗuri daga jerin na amfanin kai. To amma mutane nawa ne ke riƙe da ita da lasisin da aka buga musu hatimi a hukumance shekara da shekaru? 'Yan kasuwa da manyan manoma da tsofaffin ma'aikata sun saye ta da kuɗinsu, sun bi layi sun biya, rana ɗaya aka wayi gari abin da ke ƙarƙashin gadonsu ya zama na ɗaurin shekara 10. Ana cikin wannan a watan Mayun 2019 jaridu suka ɗauko cewa Buhari ya sa hannu a umarnin janye lasisin da ke hannun mutane daga 1 ga Yuni, har majalisar wakilai ta tashi ta nemi ya janye umarnin. Daga wannan lokacin ne kalmar “an soke” ta zauna a bakin kowane shinge, mai takarda bai san matsayinsa ba, wanda ke duba takardar shi ma sau da yawa bai sani ba, kuma duk inda aka bar abu a duhu haka to ciniki ne ke shiga.

Akwai wani tarkon ma da maharba da yawa ke faɗawa ba su sani ba. Maƙera yanzu sun ƙware, suna ƙera bindiga mai baki ɗaya da ake karya ta ta tsakiya a sa mata harsashin kanti, ta fi sauri ta fi tabbas, damina ba ta hana ta tashi. Shi maharbi a wajensa duk ta gida ce, maƙerin garinsu ne ya yi. A wajen doka kuwa da zarar ba ta baki ake ɗura ta ba to ta bar gida na uku, kuma ƙera bindiga ba da izini na musamman ba laifi ne mai zaman kansa. Shi ya sa za ka ga an jera mutane a gaban 'yan jarida an baje bindigogi a ƙasa an ce an kama masu ƙera makamai, a cikinsu akwai waɗanda da gaske ɓarayin daji suke yi wa aiki, Allah ya ƙara tona musu asiri, akwai kuma tsohon da 'yan bangan ƙauyensu ne suka haɗa kuɗi suka ce ya ƙera musu.

Kar kuma a ce na ɗora wa ɗan sanda laifin duka, a'a. Ka sa kanka a matsayin kurtun da aka ajiye a hanyar daji da daddare, an kashe abokan aikinsa a irin wannan shingen, mota ta tsaya ya haska ya ga bakin bindiga, ta yaya zai bambance maharbi da mai kai wa ɓarayi saƙo? Ba shi da wata kwamfuta ko lambar da zai buga ya tabbatar da lasisin, littafi ne da hatimi wanda kowa zai iya bugawa a bayan kasuwa. Ƙungiyar Small Arms Survey ta Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 bindigogin da ke hannun farar hula a Najeriya sun haura miliyan 6, kuma tun bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai ke malalowa ta Sahel. Sannan mu 'yan arewa maso yamma mun ga abin da bindiga a hannun wanda ba ya jin maganar kowa ke haifarwa. 'Yan sa-kai a Zamfara sun fara ne da sunan kare gari, aka koma tare Bafulatani a kasuwa a kashe shi ba shari'a ba bincike, 'yan uwansa su dawo da daddare su ƙone ƙauye, aka yi ta ramuwar gayya har abin ya fi ƙarfin kowa, gwamnatin jihar ta haramta su ba sau ɗaya ba. Saboda haka da Sanata Ned Nwoko ya kawo maganar a farkon 2024 cewa a bar farar hula su riƙe bindiga, marigayi Janar Taoreed Lagbaja, babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, kuma yana cewa shi bai goyi bayan haka ba domin rikici zai jawo, ni ban ga laifin janar ɗin ba. Ƙasar da rigimar fili ko ta siyasa ko ta kishiya ke kaiwa ga adda, a ce kowa ya rataya fistol? Ina, ba da ni ba.

Amma ita hukumar da ke cewa ku kawo mu ajiye, ya nata ɗakin ajiyar yake? Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019, wanda ya fito fili a farkon 2022, yace makamai 178,459 ne ba a ga lissafinsu ba a rumbunan 'yan sanda, a ciki 88,078 AK-47 ne. Rundunar ta yi bayani daga baya, tace ba a fahimci alƙaluman bane, wasu an fita da su aiki lokacin da masu bincike suka zo, wasu an ƙwace a hare-haren da aka kai wa ofisoshinsu. To ko da rabin rabi ne gaskiya, ka gaya min da wane ido manomin da aka karɓe wa harba-ka-ruga ba rasit zai kalli wannan labarin.

Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris ɗin 2025 shi ya nuna min cewa rashin tsayayyen lasisi ba maganar cin hanci a shinge bace kawai, maganar rai ce. Mafarauta ne suka taso daga jihar Ribas za su gida Kano yin sallah, akasarinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure, 'yan banga suka tare motar da suka hau suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, jama'a suka taru aka kashe mutum 16, aka cinna musu wuta. Waɗanda suka tsira sun ce sun nuna takardunsu ba wanda ya saurare su. Gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo Kano ta'aziyya, an kama wasu, amma wanda ya tafi ya tafi, Allah ya jiƙansu. Ba ina cewa kati ne zai hana mahaukacin taro aikata abin da ya yi niyya ba, wanda ya riga ya yanke maka hukunci saboda harshenka da kamanninka ba karatu ya zo yi ba. Sai dai takardar da ita kanta hukumar da ta bayar ke cewa yau tana aiki gobe ta mutu, ɗan banga a wata jiha ba zai ga girmanta ba.

Abin haushin kuma, in wuya ta yi wuya waɗannan maharban ake nema. A ƙarshen 2014 da Boko Haram ta kama Mubi, maharba da 'yan banga na cikin waɗanda suka taimaka wa sojoji aka ƙwato garin, kowa ya san wannan, kuma har yau sunan Aisha Bakari Gombi ba ɓoyayye bane a Adamawa. Dikko Radda ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na Katsina a Oktoban 2023, Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, an ba su kaki da babura da bindigogi. Wato gwamnati ta yarda akwai buƙatar mutanen gari su riƙe wani abu, amma sai in ita ta ɗauke ka aiki. Ƙauyen da ba a tura askarawa ba, kuma ofishin 'yan sanda mafi kusa sai an yi tafiyar awa biyu a babur, su sai dai su zaɓa tsakanin zama hannu rabbana da zama masu laifi a idon doka, gaba kura baya sayaki. Kuma mun san me suke zaɓa, suna saye a ɓoye, a hannun dillalan da su ne dai ke sayar wa ɓarayin, kaga rufe tagar lasisi bai rage bindiga ko ɗaya ba, lissafinta kawai ya ɓatar. Kamar a rufe ofishin yin lambar babur ne shekara da shekaru sannan a fito titi ana kamen marasa lamba.

Ni abin da nake gani, kuma ra'ayina ne wanda bai yarda ba ga fili nan, a bar haramtattun nan a haramce, kalashin ba ta da gurbi a gidan kowa, gwamnan da ke nema wa yaransa ma a hana shi. Amma gida na biyu da na uku a buɗe su a fili, a faɗi kuɗin fom a rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci yadda ba mai ƙara ko sisi, a ce sai mai unguwa da hakimi sun sa hannu, maharbi kuma sai Sarkin Baka ya tsaya masa, domin su suka san wanda ke da zafin kai da wanda ɗansa ke hulɗa da daji, abin da wani ofisa da aka kawo daga nesa wata uku da suka wuce ba zai taɓa sani ba. A buga wa kowace bindiga lamba har da ƙirar maƙera, maƙeran su ma a yi musu rajista su dinga rubuta wa suka ƙera wa, harsashi a sayar da shi da lissafi a kan lasisin. An kafa cibiyar kula da ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro tun 2021, Tinubu ya sa hannu a dokarta a 2024, muna ganinsu a talabijin suna lalata tulin bindigogin da aka kama, madalla, to su haɗa kai da 'yan sanda a yi rajista guda ɗaya da kurtu a shingen Lokoja zai tura lamba ta waya ya ga sunan mai bindiga daga Bunkure. Ƙasar da ta iya haɗa layin waya da lambar NIN ta toshe wa miliyoyin mutane layi ba za ta ce wannan ya gagare ta ba.

In ma duk wannan ya yi musu nisa, akwai wanda ba ya buƙatar majalisa ko kasafin kuɗi, Sufeto Janar zai iya bada odarsa gobe da safe: duk jami'in da ya karɓi bindiga a hannun mai lasisi, ko da wane dalili ne, ya rubuta masa rasit da sunansa da lambarsa ta aiki da lambar bindigar da ofishin da za a kai ta, kwafi ɗaya a hannun mai ita, ɗaya a tura hedikwatar jiha. Sannan rundunar ta fito ta faɗa da baki ɗaya, a rubuce, tsofaffin lasisin nan da ke naɗe a leda a aljihun mutane suna aiki ko ba sa aiki, in ba sa aiki ina za a kai bindigogin kuma wa zai biya masu su kuɗinsu.